Wa Ya Zauna a Shagunan Nan Kafin Mu?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Mun gaji wani gini daga kakanmu a Fagge, shaguna biyar ne a jere da sito a baya. Magada sun amince a rushe shi a gina filaza. Da ruwan daminar bana ya ɓamɓare fentin gaban, sai muka ga inuwar wani tsohon rubutu a ƙarƙashi, amma ba wanda ya iya karanta shi. Ina so in san irin kasuwancin da aka yi a ginin tun daga farko kafin ya tafi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya sa albarka a abin da ya bari. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin kimanta darajar gidaje da filaye a Kano, na shiga shaguna irin naku ba adadi, kuma tambayarka ta faranta mini rai ƙwarai, domin yawancin magada abin da suke tambayata shi ne nawa ginin zai yi, ba wa ya zauna a ciki ba.

Kada ka fara da ofis. Kusan duk wanda ya zo mini da irin wannan magana, hankalinsa na kan takardar mallaka ne. Takarda tana nan, za ta jira ka. Dattijon layinku da ya ga ginin yana sabo shi ne ba zai jira ka ba, haka ma bangon da magada suka riga suka sa wa rana. Ka fara da bango da mutane, ka bar takarda a ƙarshe.

Rubutun da kuka gani, don Allah kada kowa ya sa masa burushin ƙarfe ko wuƙa. Masu rubuta alama na da suna amfani da fentin mai, shi ya sa yake daɗewa a ƙarƙashin farar ƙasa da fentin ruwan da aka yi ta shafawa a kansa, amma kankara ɗaya ta rashin sani tana tafiya da shi. Ka zo da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da hasken rana ke zuwa a karkace. Ka jiƙa soso da ruwa ka ɗan daddana wa wurin, ba gogewa ba. Bangon da ya jiƙe yakan fito da harafin da busasshe ya ɓoye, na ɗan mintoci. A nan za ka ɗauki hoto, daga gaba, daga dama, daga hagu. Da dare kuma ka kawo tocila ka manna ta a jikin bango, hasken ya bi ta gefe: gefen haruffa yakan ɗan taso, ya yi inuwa. Sau da yawa za ka tarar ba rubutu ɗaya ba ne, biyu ne ko uku a kan juna.

Ko sunan bai fito ba, ƙananan abubuwan da ke ƙarƙashinsa suna ba da shekara. In ka ga an rubuta Northern Nigeria a adireshin, to kafin 1967 ne, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Kano. In ka ga farashi da fam da sule, kafin Janairun 1973 ne da naira ta shigo. Lambar waya mai alƙaluma huɗu ta girmi mai shida da ake sa wa 064 a gaba, ita kuma ta girmi ta salula wadda ba ta zo ba sai 2001. Sunan titi ma shaida ne: duk inda ka ga titin Ibrahim Taiwo ko titin Murtala Muhammad a rubuce, to bayan Fabrairun 1976 aka rubuta shi. Ka leƙa allon mita. Wani lokaci tsohon katakon yana nan da tambarin ECN, hukumar wutar lantarki ta da, wadda ta zama NEPA a 1972, sannan PHCN a 2005, kafin KEDCO ta karɓa a 2013. In ka ga mita biyar a allon da asali ramin mita ɗaya ne da shi, ka gane cewa shagunan biyar ɗin nan a da kanti ɗaya ne aka yayyanka.

Wannan maganar yankawa ita ce mabuɗin gine-ginen Fagge da kewayenta. Bari in ba ka labarin wani gini da na taɓa aiki a kansa don rabon gado. Magadan sun ce mini tun tashinsu shagunan kayan masarufi ne, ba su san wani abu ba. Da na shiga shagon tsakiya sai na lura daɓen bai zama ɗaya ba: akwai wani murabba'i kusa da ƙofa, kamar taku huɗu a huɗu, da simintinsa ya fi na kewaye haske da laushi. Na ɗaga kai, sai ga wata ƙugiyar ƙarfe mai kaurin babban yatsa a jikin bim, an shafe ta da fenti har ta kusa sajewa. Bangon da ya raba shagon da na kusa kuwa bulo ne mai inci shida, bai ma taɓa rufi ba, alhali bangon waje ya kai kamu guda a kauri. Na fito na tarar da maigadin layin, wani tsohon Buzu, yana dafa shayi a ɗan kurfotinsa. Na tambaye shi ramin da aka cike ɗin nan na mene ne. Bai ko tashi ya duba ba, ya ce, "Gurbin sikeli ne, Malam. A nan ake auna gyaɗa. Da gyaɗa ta mutu aka koma fata, ƙugiyar nan ta masu fata ce." Ya ƙara da cewa har bayan masu fatar sun tashi, in damina ta yi nisa bangon yakan dawo da warin. Magadan suna tsaye suna ji, kuma shekarunsu nawa suna wuce mutumin nan safe da yamma ba su taɓa tambayarsa ba.

To ka bi naku da wannan idon. Faɗin ƙofar asali yana nuna abin da ke shiga: ƙofar da aka yi don buhu da dila ba ɗaya take da wadda aka yi don mai sayen turmi guda ba. Layin ramukan ƙusa a bango, a jere tun daga ƙasa har sama, kantocin yadi ne. Tabon baƙin mai da ya ƙi fita daga daɓe na injin niƙa ne ko na bakanike. Ɗan ɗakin da ba taga, da famfo a ciki, a ƙuryar shago, yawanci ɗakin wankin hoto ne. Soket da yawa a jere a tsayin gwiwa, teloli ne ko gidan intanet. Taga mai ƙarfe da 'yar kafar miƙa kuɗi, wurin kashiya ne. In kuma akwai ƙofa a bayan kantin da ke shiga tsakar gida mai ɗakuna da kicin, da baranda mai ginshiƙai a gaba, to wannan tsarin ginin Kwarori ne, wato 'yan kasuwa Siriyawa da Labanawa, kanti a gaba iyali a baya.

Kana buƙatar sanin yadda kasuwar yankin ta yi ta juyawa, domin shaguna ba sa sauya sana'a haka kawai, guguwa ce take zuwa ta kwashi layi gaba ɗaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta mamaye komai. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis, da na Faransawa CFAO da SCOA, da Kamfanin Neja wanda ya shiga cikin babban kamfanin UAC a 1929, suka kafa kantuna da sito kusa da tasha. Siriyawa da Labanawa aka ba su fulotai a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari yake a yau, suna sayen gyaɗa da fata, suna sayar da yadi. Manyan attajirai irin su Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, suna da nasu yaran da ke bin ƙauyuka. Duk ginin da ya kai wancan zamani a yankinku, da wuya a ce bai taɓa ganin buhun gyaɗa, ko ƙirgi, ko bandir ɗin akoko ba.

Babban juyi shi ne dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972, wadda wa'adinta ya cika a 1974, aka sake ƙarfafa ta a 1977. Dokar ta keɓe sayar da kaya ɗai-ɗai ga 'yan Najeriya, in ban da manyan kantuna. A wannan tsakanin ne Kwarori da yawa suka bar kantuna suka koma masana'antu a Bompai da Sharaɗa, shagunan kuma suka koma hannun mutanenmu, sau da yawa tsofaffin akawunansu da yaran kantinsu da dillalansu. Ina ba ka shawara ka bincika da kyau ko a nan ne ginin ya shigo hannun kakanka. A daidai lokacin kuma farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya dalar gyaɗa, kuɗin fetur da na Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, suka cika gari, kowa na son rediyo da keken ɗinki da babur da atamfa. Kanti ɗaya ya zama shago uku, sito ya zama shago, har baranda aka toshe aka ba da haya.

Daga nan sauyin ya riƙa sauri. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, manyan kantunan zamani irin su Kingsway suka yi ta ja da baya har suka rufe. Shekarun 1990 na kemis ne da shagon hayar kaset ɗin bidiyo da wuraren buga takardu da kiran waya. Bayan 2001 sai katin waya da gidan intanet da masu gyaran salula. Dubi titin Beirut, sunan na Labanawa, kasuwar ta waya. Masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, yadin Sin ya cika Kwari. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013 masu kayan gyaran babur suka koma na A Daidaita Sahu. Yanzu kuma ga masu POS a kowace baranda. In dattijo ya ce maka "bayan mai hoto sai mai kaset", kana iya sa wa maganarsa shekara ko da shi bai riƙe ba.

Sai mutane, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Kanawa ba sa saurin sakin suna. Muna cewa Singa alhali shinkafa da sukari da taliya ake sayarwa, sunan kamfanin keken ɗinki ne ya zauna. Muna cewa Bata saboda kantin takalmi. Muna cewa Wapa, wurin canjin kuɗi, daga sunan kamfanin jigilar alhazai da Alhaji Mamuda Dantata da abokansa suka kafa a 1948. Abin da ya faru da waɗannan manyan wurare yana faruwa da ƙananan gine-gine ma. Saboda haka tambayarka ta farko ga kowa ita ce: da wane suna kuke kiran ginin nan? Ka tambayi ɗan dako mai shekara saba'in, ka tambayi direban tasi na da, ka tambayi wanda ke kai wasiƙa. Za ka iya samun suna uku daban, kowanne na zamaninsa, kuma wanda kuke kira a gida ba lalle ya zama cikinsu ba.

Kada ka tsaya ga attajiran layin kawai. Mai kuɗi yana tuna wanda ya yi hulɗa da shi. Wanda ya san kowa shi ne mai shayi, da wanzami, da maigadi, da mai gyaran agogo ko takalmi da ya zauna a bakin baranda shekara arba'in, da ladanin masallacin layin, da tsohuwar da ke kawo fura ko tuwon rana. Ita wannan tsohuwar musamman, ta san shago nawa ne, yara nawa ke kowanne, wa ke biya kullum, wa ke biya ran Juma'a, wa ya karye ya tafi da bashinta. Na taɓa samun jerin 'yan hayar wani gini kaf daga bakin irin wannan baiwar Allah, tana lissafa su da yawan kwanon da take kai musu. Ka nemi mai unguwa ya haɗa ka da su. Ka nemi dillalin da ke karɓar wa kakanka haya, ko 'ya'yansa. A cikin gida kuma kada ka tsallake kakanninka mata da gwaggwanninka: su suka san daga wane shago aka ɗauko kayan lefen wance, da wane ɗan haya ne ke aiko da buhun shinkafa da azumi.

Yadda za ka yi tambayar yana da muhimmanci. Ka je da goronka ko ɗan abin hasafi, ka zauna, ka gaisa sosai, ka faɗi ko kai jikan wane ne. Kada ka ce "a wace shekara?", domin za a ba ka lamba don a sallame ka. Ka ce, "Baba, lokacin da aka kashe Sardauna wa ke shagon ƙarshe?" Wannan 1966 ke nan. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956 ne, naɗin Sarki Ado 1963, komawa tuƙin hannun dama 1972, rikicin Maitatsine Disambar 1980. Ka yi hattara da "shekarar canjin kuɗi", domin ba ɗaya ba ce: an canja takardun kuɗi a 1968 ana cikin yaƙi, an koma naira a 1973, an sake canji a 1984 zamanin Buhari na soja. Sai ka tambaya wanne ake nufi. Kada kuma ka sa wa mutum amsa a baki. In ka ce "an ce Bakwara ne ya gina", zai ce maka haka ne don ya girmama ka. Ka bar shi ya kawo da kansa. In da hali ka kawo shi cikin ginin, ya tsaya a tsakiyar shagon. Ƙafa tana tuna abin da kai ya manta, za ka ga yana nuna inda kantar ciniki take da inda akawu ke zama. Ka nemi izini ka naɗi muryarsa a waya. Abin da mutum biyu da ba su zauna tare ba suka faɗa iri ɗaya, ka riƙe shi da ƙarfi. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, ka rubuta shi da sunan wanda ya faɗa.

Wani abu kuma da nake roƙonka: a tarihin kowane shago akwai karaya. Akwai wanda gobara ta cinye, akwai wanda yaronsa ya ci amanarsa, akwai wanda bashi ya kora daga gari. Jikokinsu suna nan a unguwa. Ka ji, ka adana, amma ba duk abin da ka ji ne na yaɗawa ba.

Takardu kuwa, mafi amfaninsu suna gidanku. Ka nemi akwatin ƙarfen kakanka ko adakarsa. Littafin karɓar haya, ko da da ajami aka rubuta shi, ya fi duk wani fayil ɗin gwamnati, domin shi ne ke da sunan ɗan haya da wata da adadin kuɗi. Rasit ɗin wuta da na ruwa da na harajin shago, tsofaffin ambulan masu lambar akwatin gidan waya, kalandar da 'yan haya ke rabawa a ƙarshen shekara, duk ka tattara. Ka juya bayan tsofaffin hotunan gidanku, masu hoto suna buga hatiminsu da adireshi. Hoton sallah ko na ɗaurin aure da aka ɗauka a ƙofar ginin, kai kana kallon fuskoki, amma allon shagon yana nan a bayansu.

Bayan wannan sai ka tafi da lambar fuloti ma'aikatar ƙasa ta jiha da KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filayen Kano. In fulotin na da takardar mallaka ta gwamnati, fayil ɗinsa zai nuna wanda aka fara ba, da duk sayarwa ko jinginar da aka yi wa rajista, wani lokaci har da zanen ginin farko. Ka sani dai fayil yana maganar mai gini ne, ba ya lissafa 'yan haya. In sunan wani kamfani ya fito daga bango ko daga bakin dattawa, ka duba rajistarsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ga abin da ya shafi zamanin Turawa, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin lardin Kano, ciki har da na rabon fulotan kasuwanci, ga kuma Gidan Arewa a can Kaduna. A nan gida akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, da ɗakin karatu na Jami'ar Bayero inda ɗalibai suka yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Fagge da Kwari da Labanawan Kano. Tallace-tallacen tsofaffin jaridu, Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian da Triumph, suna ɗauke da adireshin kantuna, haka ma tsohon kundin lambobin waya in ka dace da shi.

Game da rushewar, ba zan ce ku fasa ba, haƙƙin magada ne, kuma na san abin da filaza ke kawowa a Fagge a yau. Amma ka roƙi 'yan uwanka mako biyu kafin a kawo katafila. Ka auna kowane shago da tef, ka zana shi a takarda, ka nuna bangon asali da na ƙari. Ka ɗauki hoton kowace kusurwa, har da rufi da daɓe da bayan ƙofa, inda 'yan kasuwa ke rubuta lissafi da lambobin waya da fensir. Ka kasance a wurin ranar da za a cire silin, domin a nan ake samun tsofaffin rasitai da allunan da aka jefa aka manta. Ka ce wa birkila ya yanko maka ɓangaren bangon da ke da rubutun in zai yanku, in ba zai yiwu ba ku ɗora farar leda a kansa ku bi haruffan da alƙalamin maka. Ƙofar ƙarfen asali da allon mita da duk wata ƙugiya, kada su tafi wurin 'yan gwangwan. In filazar ta tashi, ku samu bango ɗaya a ƙofar shiga ku kafa su, da sunayen waɗanda suka yi kasuwa a wurin bi da bi, na kakanka a cikinsu.

In ka samu hotunan rubutun, ka turo mini tare da sunan titin da lambar fulotin, in duba tsofaffin takardun aikina ko na taɓa shiga layin naku. Ka gaishe mini da iyayenka.